Kwamfuta Mai Komawa Tablet: A Yi Lissafi Kafin a Saya

Tun da gwamnatin tarayya ta dage kan rage amfani da takarda a ma'aikatu, hankalin ma'aikata da hadimai ya karkata ga kwamfutar da ke komawa tablet, irin Surface Pro. Ga mai zirga-zirga tsakanin taruka, rashin nauyinta alheri ne. Sai dai madannanta da alƙalaminta galibi daban ake sayensu, gyaranta kuma da wuya. Mai sayen ta hannu ya tabbata tana ɗaukar Windows 11, domin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a Oktoban 2025. Matsayinmu shi ne, kayan aikin gwamnati nauyin gwamnati ne. Kada ma'aikaci ya ci bashi saboda yayi.