Belot a fadar Goudel: da kati ake magana, ba da ido ba

Lissafi nake koyarwa, a Goudel kuma nake zaune, nan kusa da kogi. Bayan la'asar nakan iske samarin unguwa a fada, shayi na kan wuta, mutum huɗu sun duƙufa kan belot. Iyaye da yawa da sun ga kati sai su ce caca ce. Ni ban cika saurin yanke wannan hukunci ba.

Kati 32 ne, biyu-biyu ake haɗa kai, maki 162 a kowane zagaye. Balen atu 20, taransa 14, as 11. Yaron da ke kame-kame a gaban allo, na ga ya riƙe wannan lissafi duka a ka, har ya san atu nawa suka rage a hannun mutane.

Damuwata ita ce ishara. Akwai wadda doka ta yarda da ita: in ba ka da irin katin da aka jefo, atu kuma ya ƙare maka, katin da ka zaɓa ka yar shi zai nuna wa abokinka inda ƙarfinka yake, a gaban kowa. Akwai kuma ta ƙifta ido, sosa hanci, taka ƙafa a ƙarƙashin tebur. Wannan magudi ne, amma shi ake yi wa shewa. Ɗalibin da na kama da 'yar takarda a hannun riga ranar jarrabawa, ashe shi ne gwanin ƙifta ido a fadarsu.

Iyaye, kafin ku ƙwace katin, ku zauna ku kalli zagaye biyu. Ku duba ko an ajiye kuɗi a ƙasa, sannan ku lura da idon ɗanku.