Akwatin da Ake Jefarwa a Garejin Yauri

Duk direban da ya sayi lasifikokin mota irin waɗanda ake sayarwa babba da ƙarama a kwali guda, zai tarar da ƙananan akwatuna biyu a ƙasan kwalin, kowanne bai fi tafin hannu ba. Sau da yawa mai haɗa wayar mota a Yelwa yakan ture su gefe, ya ce ɓata lokaci ne, ya haɗa komai kai tsaye. Wani kuma, wanda ya ɗan leƙa YouTube, cewa zai yi tsohon yayi ne, a sayi na zamani mai aiki da wuta. Dukansu kuɗin direba suke ƙonawa, amma na biyun ya fi ba ni haushi, domin da sunan ilimi yake yi.

Sunan akwatin kurosoba, aikinsa raba sauti. Kunnen ɗan Adam yana jin kaɗawar iska daga kusan sau 20 zuwa sau 20,000 a daƙiƙa, kuma babu lasifika guda da ke fitar da wannan faɗi duka da kyau. Babba ta iya gurnani irin na ganga, ƙarama kuwa ita ke da siririn amo. Kurosoba yana tsayawa a mararraba, galibi tsakanin 2,000 da 4,000, ya tura kowane sauti gidansa. In aka cire shi, gurnanin da aka yi domin babba sai ya faɗa kan siririyar wayar ƙarama, ta yi zafi ta ƙone. Direba bai ma san ranar da ta mutu ba. Sai dai ya ji murya ta dushe, ya ƙara murɗa rediyo har kunnuwan fasinja su yi tsami. A can saman sauti ne bambancin "s" da "sh" da "ts" yake zaune, shi ya sa za ka ji kalangun Shata yana dukan ƙirjinka amma ka kasa kama abin da yake faɗa, wa'azi kuma ya koma guna-guni.

Wannan akwati da ake jefarwa shi ne mara wuta. Kafasita ce da naɗin wayar tagulla, yana zama tsakanin amfilifaya da lasifika, ba ya buƙatar layin batir nasa, ba shi da maɓallin da karen mota zai taɓa. Mai wuta kuwa kafin amfilifaya yake zama, ya raba sautin tun yana ƙarami. Ba na musun fifikonsa a hannun gwani: yankansa ya fi kaifi, ana iya matsar da mararrabar yadda ake so, kuma tsarin da injiniyoyin Amurka Siegfried Linkwitz da Russ Riley suka fito da shi a 1976 har yau shi ne abin koyi.

To, amma wa ake sayar wa? Mai tsohuwar Golf ko Sharan da ke jigila daga Yauri zuwa Kontagora, ko daga Wara zuwa Yelwa ranar kasuwa, gilashi a sauke saboda zafin Afrilu, iska da ƙarar taya sun haɗiye duk wani ƙyale-ƙyalen sauti. Ba a gaya masa cewa da mai wuta kowace lasifika sai an ba ta layin amfilifaya nata ba: huɗu ga ƙofofin gaba kawai, na biyar ga babbar da ke but, duk a kan batirin da dama da ƙyar yake tayar da mota da asuba. Ba a gaya masa cewa saitin yana buƙatar makirfon awo ba, alhali mai haɗawar kunne kawai gare shi, a gefen titi, injin janareta na ruri kusa da shi. Kuma babu abin da ke tsare ƙaramar lasifika sai saitin nan. Murɗa ɗaya ta kuskure, ta tafi.

Zargin da ake yi wa mara wuta, wai yana shaƙe murya, yawanci laifin mai haɗawa ne. An ƙera shi ne domin lasifika mai om 4. Idan aka jona ƙanana biyu a layi guda don a burge mai mota, nauyin ya sauka zuwa om 2, kuma a mafi sauƙin tsari mararrabar takan ninka, daga 3,000 ta koma 6,000. Sai rami ya buɗe a tsakiyar sauti, daidai inda kaifin magana yake.

Akwai masu buƙatar mai wuta a ƙasar Yauri: masu motar shela da ke ɗaukar lasifikoki barkatai zuwa taron biki a Shanga, ko bakin ruwa lokacin Rigata. Su ma, kafin su biya, su ce wa mai haɗawa ya fito da na'urar da zai auna saitin da ita. Direban haya kuwa ya tsaya a kan motarsa har sai ya ga an ɗaure akwatunan nan biyu a cikin ƙofa, a inda ruwan damina ba ya kaiwa.