Kiwon Kare: A Binciki Asali Tun Kafin Barbara

A wannan wata za mu taɓo zancen wata dabba da muke zaune da ita amma ba mu cika son ambatonta a bainar jama'a ba, wato kare. Kada wani ya ce mun rasa abin faɗa. Malamanmu na Malikiyya sun halatta ajiye kare domin farauta da tsaron garke da gona, kuma duk dabbar da mutum ya ajiye, haƙƙinta na wuyansa.

A da, karen da muka sani a Garwa da kewaye shi ne na mafarauta da na makiyaya, siriri mai gajeren gashi, wanda ke bin ubangidansa daji tun safe har faɗuwar rana. Yanzu kuwa tsoron ɓarayi ya sa masu hali na neman manyan karnukan waje domin gadin gida da shago, musamman karen Jamus, wanda masu jin Faransanci ke ce wa berger allemand. Da kasuwa ta buɗe, sai wasu matasa suka mai da hayayyafar karnukan sana'a. Neman na kai ba laifi ba ne. Abin da ke damunmu shi ne yadda wasu ke yin ta. Mutum zai sayi kwiyakwiyai biyu, mace da namiji, 'yan ciki ɗaya, ya rene su, ya haɗa su barbara. In sun haifa, ya sake haɗa uban da 'yarsa. Haka zai yi ta juya jini ɗaya a tsakar gida ɗaya, yana sayar wa jama'a da sunan tsantsar asali.

Duk wanda ya taɓa zama da dillalan shanu a kasuwar Adumri ko ta Ngong ya san makiyayi na ƙwarai ba ya haka. Ba ya barin bijimi ya yi ta hawan 'ya'yansa shekara da shekaru. Yakan sayar da shi ko ya yi musaya da na wani garke, kuma kafin ya karɓi sabo sai ya tambayi uwarsa, yawan nononta da juriyarta. Wannan sani da Fulani suka gada shi ne muke so a kai ga kare.

Ga yadda abin yake. Kowane kwikwiyo na karɓar ƙwayoyin gado biyu-biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Akwai cututtuka masu yawa da ba sa bayyana sai an gaji gurɓatacciyar ƙwaya daga ɓangarorin biyu. Mun san misalin wannan a jikin ɗan Adam, wato ciwon sikila: uwa lafiya lau, uba lafiya lau, amma in dukansu na ɗauke da ƙwayar a ɓoye, a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai ciwon. Haka yake ga kare. To, su wa suka fi kusa da ɗaukar ɓoyayyen aibi iri ɗaya in ba 'yan uwan jini ba? Masana sun lissafa cewa in aka haɗa wa da ƙanwa, ko uba da 'ya, a kowane gurbi na gado akwai yiwuwar kashi 25 cikin 100 kwikwiyon ya karɓi ƙwaya guda sak ta hanyoyi biyu daga tushe ɗaya. In 'yan uba ne kawai, rabin haka. Sakamakon shi ne haihuwa ta ragu, kwiyakwiyai su yi ta mutuwa tun suna shan nono, waɗanda suka rayu kuma su zama ragwaye ga kowace cuta.

Ciwon da ya fi damun manyan karnuka irin na Jamus shi ne na gaɓar ƙugu, inda kan ƙashin cinya ba ya zama daram cikin raminsa. Wannan ba ƙwaya ɗaya ke kawo shi ba, da yawa ne ke taruwa, kuma ƙiba da saurin girma na ƙara tsananta shi. Kwikwiyo ɗan wata biyu ba ya nuna komai. Sai ya tasa za a ga yana tashi da ƙyar, yana haɗa ƙafafun baya wuri guda in zai yi gudu kamar zomo, daga baya ya koma ja da gindi. Karen da aka saya domin ya kori ɓarawo ya zama shi ake ɗagawa. Ban da wannan akwai farfaɗiya, da wasu nau'o'in makanta da kurumta, da namijin da marainansa ba su sauko ba, duk ana gadonsu.

Turawan da suka fito da waɗannan karnuka sun riga mu ɗanɗana kuɗarsu. A 1899 wani hafsan sojan doki mai suna Max von Stephanitz ya kafa ƙungiyar karen Jamus, ya ɗora irin a kan kare ɗaya mai suna Horand, aka yi ta haɗa zuriyarsa da juna domin kama ta fito iri ɗaya. Haka aka yi wa sauran ire-iren da yawa. Kama ta fito, cuta ma ta biyo. A 2008 gidan talabijin na BBC ya nuna wani shiri a kan wahalar da irin waɗannan karnuka ke sha, abin ya tayar da ƙura, har a 2009 babbar ƙungiyar masu karnuka ta Ingila ta daina rajistar kwiyakwiyan da aka samu daga uba da 'ya, ko uwa da ɗa, ko wa da ƙanwa. A 2023 kuma kotun ƙoli ta ƙasar Norway ta haramta hayayyafar wani ɗan ƙaramin kare da ake kira Cavalier, saboda ciwon gado ya yi wa irin katutu. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Wani abin mamaki shi ne, da jini ya ƙure musu, Afirka suka dawo. Akwai karen farauta na ƙasar Kwango da ake kira Basenji, wanda aka kai Ingila da Amurka daga 'yan tsirarun iyaye. Da ciwon ƙoda na gado ya addabi zuriyar, sai masu kiwonsa na Amurka suka taso takanas a 1987 da 1988 zuwa ƙauyukan ƙasar, lokacin ana kiranta Zayar, suka sayi karnukan mafarauta domin su sabunta jinin. A 2009 kuma masu bincike na jami'ar Cornell ta Amurka suka gwada jinin karnukan ƙauye a Masar da Yuganda da Namibiya, suka tarar mafi yawansu 'yan asalin nahiyar ne, kuma ƙwayoyin gadonsu na da yalwa ƙwarai. Ashe karen nan namu da muke rainawa yana da wata dukiya a jikinsa. Ga shi kuma ya saba da zafin Maris da Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura 40 a bakin Binuwai. Kare da haki yake sanyaya jikinsa, don haka mai dogon gashi, da mai murtukekken hanci da numfashi ke yi wa wuya, azaba kawai suke sha a ƙasarmu.

Saboda haka ga shawararmu ga mai wannan sana'a. Kada ka haɗa 'yan uwan jini, ka nemo namiji daga wani gida mai nisa, ko Marwa ko Ngaundere, bayan ka tambayi asalinsa. Kada ka yi gaggawar haɗa karya tun a zafinta na farko, bari ta gama girma aibinta ya fito in akwai. A Jamus sai kare ya cika shekara ake ɗaukar hoton ƙashin ƙugunsa kafin a yarda ya yi barbara, mu ma aƙalla mu kai wa likitan dabbobi ya duba tafiyarsa da gaɓoɓinsa. Wanda aka ga yana ɗingishi ko farfaɗiya, a fiɗiye shi, ya ci gaba da gadinsa ba tare da ya bar baya ba. Sannan ka sami littafi ka riƙa rubuta uwa da uba da ranar haihuwa da gidan da kowane kwikwiyo ya tafi, domin in wani abu ya ɓullo ka san inda ya samo tushe.

Kai kuma mai saye, kada girman kai da kyan gashi su ruɗe ka. Ka ce a nuna maka uwar da uban, ka ga tashinsu da gudunsu da idonka. Ka tambaya ko su 'yan uwa ne. Ka nemi katin allura. Wanda ya ce maka uwar ba ta nan, uban ma ba ya nan, to riƙe kuɗinka.

Wannan magana ta shafi har wanda bai taɓa ajiye kare ba. Karen da ya nakasa, sau da yawa kora shi ake yi ya koma bin juji ba allura ba kulawa, a nan yake cuɗanya da masu ciwon hauka. Ciwon haukan kare ba gadonsa ake yi ba, cizo ke yaɗa shi, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum wajen 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, yara kuma na cikin waɗanda abin ya fi ritsawa da su.

Ba mu rasa masana ba. Ga cibiyar LANAVET a Bokle, nan bayan gari, da ke haɗa allurar rigakafin dabbobi, ga makarantar likitancin dabbobi a jami'ar Ngaundere, ga ma'aikatan kiwo na gwamnati. Muna kira ga masu hayayyafar karnuka a Garwa su haɗa kai, su nemi shawarar waɗannan mutane, su buɗe rajista guda ta asalin karnukansu yadda za su riƙa musayar maza ba tare da jini ya cakuɗe ba. Rigakafi dai ya fi magani.

Allah ya ba mu ikon sauke haƙƙin abin da muke kiwo. Sai mun sake saduwa a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.