Kuɗin Cin Rani da Rumbun Gida

Ya ku 'yan'uwa, ina so in yi magana a kan kuɗin da 'yan cin rani ke aikowa gida, da inda suke shiga in sun iso.

Ku sani fita neman abinci ba baƙon abu ba ne gare mu. Kakanninmu sun yi fataucin goro a Gwanja, iyayenmu sun haƙi kuza a Jos, sun tsinki auduga a Jazira ta Sudan, ga samarinmu yanzu a Ikko da Abijan da Libiya. Ban ga laifin mai tafiya ba. Wanda gonarsa ba ta kai shi wata kaka, zama bai kama shi ba.

Abin da ke damuna shi ne lokacin da kuɗin ke zuwa. Saurayi yakan tashi da kaka, sa'ad da gero ya fi araha, har a sayar da dami biyu ko uku a yi masa kuɗin mota. Kafin ya sami aiki, ya biya mai masauki, ya tara abin aikowa, bazara ta yi. Sa'an nan rumbu ya yi ƙasa, tiya ta hau, sai a ɗauki kuɗin a sayo da tsada geron nan da aka sayar da araha. Watau da gidansu da mai ɓoye hatsi a kasuwa ake raba guminsa. Mutanen Maraɗi da Damagaram da Tawa sun ɗanɗana wannan a 2005, shekarar da ga hatsi a kasuwa amma talaka sai kallo.

Masu cewa a biki kuɗin cin rani ke ƙarewa ba su duba da kyau ba. Ciki ne ke fara ci, sai magani, sai bashi. Amma fa ba su rasa gaskiya duka ba, domin da zarar an ji ɗan wane yana aike, sai a ƙara akwati a lefe, dangi na nesa su tuna hanyar gidan, mai kanti kuma ya buɗe littafi, a cinye kuɗin wata uku tun ba su baro hannun mai su ba.

Akwai kuma maganar wa zai karɓa. Na san wani gida da aike ke shiga hannun wan miji, matar mai aikowa da 'ya'yanta sai abin da aka ga dama, ita kuwa kunya ta hana ta tambaya. Da, sai an sami amintaccen matafiyi. Yanzu da ana aike ta waya, me zai hana a ware nata a tura mata?

Kada kuma a manta hanya takan toshe. Gana ta kori baƙi a 1969, Nijeriya ta yi nata a 1983, yaƙin Libiya ya koro dubban 'yan Nijar a 2011, da yawansu hannu wofi. Gidan da ya mai da aike tuwon kullum, ran nan ya rasa aiken, ya kuma sami ƙarin baki.

To, ga shawarata. Mai tafiya ya zauna da mahaifinsa da matarsa tun bai tashi ba, a faɗi na hatsi, a faɗi na magani, kowa ya ji da kunnensa. Wanda ke shekara a can ya matsa ya yi babban aikensa da kaka, a auna gero a zuba a rumbu. Wanda ke komowa da damina kuwa, cikin abin da ya zo da shi a sayi akuya ko tunkiya a ba uwargida kiwo. In kaka ta zagayo ita za a sayar a yi masa kuɗin mota, kada a taɓa dami ko ɗaya.