Tramol ba goro ba ne

Ƴan'uwa ɗalibai, ina da faɗa da wata magana da ake yi a kusan duk fadar da ka zauna shan shayi a Diffa: "Kai sha mana, ai ni biyu na sha ban ji komai ba." Maganar nan kisa take yi, kuma da bakinmu take yawo.

Ƙarfin kodin da tramol a hanta yake fitowa. Akwai wani sinadari da likitoci ke kira CYP2D6, shi ke mai da kodin mofin, ya mai da tramol wani abin da ya fi shi ƙarfi. Aikin sinadarin nan gado ne. Wani hantarsa a hankali take juyawa, sai ya ga kamar bai sha ba, ya ƙara. Wani kuwa nan take, ƙwayar da abokinsa ya sha ya tafi ƙwallo, shi ta danne masa numfashi. Ba a gane wannan a fuska ko a ƙirar jiki. Shi ya sa a 2017 hukumar magunguna ta Amurka ta hana ba yara ƴan ƙasa da shekara 12 waɗannan magunguna biyu.

Likita miligiram 50 ko 100 yake rubutawa, kuma ba a wuce 400 a yini. Na mai tebur har 225 ake samu. Ka sha biyu, 450 ke nan, ka wuce iyaka, ga farfaɗiya na jira. In ka haɗa da diazepam don barci, ka ɗora wa numfashi kaya biyu.

Za a ce mini: to ɗan ƙwadago a gonakin tattasai na bakin Komadugu fa, da bayansa ke ciwo? Wanda barci ya ƙaurace masa tun harin Bosso da Diffa na Fabrairun 2015 fa? Ciwonsu gaskiya ne, wallahi. Don haka ma suka cancanci wanda zai tambayi shekarunsu da lafiyar ƙodarsu kafin ya ba su ƙwaya. Aboki ba ya tambaya, mai tebur ma haka.

Abu biyu nake roƙo. Kada hannunka ya miƙa wa kowa ƙwaya, ko da likita ne ya rubuta maka. In kuma ka ga wanda ya sha yana minshari, an girgiza shi bai farka ba, kada a ɗura masa madara. A kwantar da shi a gefensa, a kai shi asibiti nan da nan. Kunyar iyaye ta fi zaman makoki sauƙi.