Sarki Dikko: A auna shi da mudun manomi, ba da kirari kaɗai ba

A shekarar 2021 Majalisar Birnin New York ta fitar da gunkin Thomas Jefferson daga zauren taronta. Jefferson shi ne shugaban Amurka na uku, ya yi mulki daga 1801 zuwa 1809, shi ne kuma ya rubuta takardar ayyana 'yancin ƙasar a 1776. Amma a tsawon rayuwarsa ya mallaki bayi sama da 600. Har yau Amurkawa na gardama a kan wanne ɓangaren zai rinjaya.

Mu ma a Katsina muna da jigon da ya kamata a ɗora a irin wannan ma'auni: Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, kakan gidan da ke kan gadon sarauta a yau.

Alherinsa ba a ɓoye yake ba. A zamaninsa aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922, inda Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Balewa suka yi karatu. Ya goyi bayan karatun 'ya'ya mata a lokacin da mutane da yawa ke kallon boko da ƙyama. A 1921 ya yi aikin Hajji, ya kuma je Ingila ya ga duniya da idonsa. Babban filin wasa na jihar ma sunansa yake ɗauke da shi.

Sai dai ɗaya gefen ma gaskiya ne. Dikko yana Durbin Katsina Turawa suka tuɓe Sarki Yero na gidan Dallazawa, suka ɗora shi. Sarautarsa ta tsayu ne a kan biyan buƙatun Turawan mulkin mallaka. Haraji da jangali ta hannun hakimai da dagatai ake karɓarsu. Manomin Matazu ko Musawa da ya noma auduga ya kai ta kan sikeli, ba shi ke yanka mata farashi ba, kuma kuɗin haraji na jiran sa ko damina ta yi kyau ko ta ƙi. Masana'antun gurzar auduga na Funtuwa da Malumfashi, da layin dogon da ya ratsa Funtuwa, ci gaba ne. Amma an kafa su ne domin audugar ta isa masaƙun Ingila.

Wasu za su ce ba a auna mutumin jiya da mudun yau, kuma da Dikko ya bijire, da an kore shi an kawo wani. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. To amma talakan da ya sayar da akuyarsa ya biya haraji shi ma mutumin jiya ne, kuma tun a lokacin ya san zafin abin. Ba yau muka ƙirƙiro masa kukan ba.

Abin lura shi ne, daga cikin gidan Dikko aka sami wanda ya fi kowa tuhumar wannan tsari. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman, haifaffen Musawa kuma jikan Sarkin, shi ne Sakataren Gwamnatin Balarabe Musa ta tsohuwar Jihar Kaduna, gwamnatin da ta soke haraji da jangali a 1979. Idan jika ya iya duban gadon kakansa ido da ido, me zai hana ɗan makaranta?

Yanzu da aka dawo da darasin tarihi makarantunmu, muna kira ga Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina da malamai su koyar da Dikko gaba ɗayansa. A shiga Matazu da ƙauyukanta a naɗi muryoyin tsofaffin da suka ji labarin haraji daga bakin iyayensu, tun kafin su ƙare.

Wannan ba rashin ladabi ba ne ga masarauta. Yaron da ya koyi tambayar wa ya biya kuɗin ginin Kwalejin Katsina, gobe zai tambayi gwamna da ɗan majalisa inda kuɗin taki ya shiga.