Gyaran Gida da Guzurin Tsufa: Wanne Za a Gabatar?

A wannan fitowa za mu duba wata tambaya da ke hana magidanta barci idan bazara ta kusanto. Mutum ya haura shekara hamsin, ya tara 'yan kuɗin da zai jingina da su ranar da ƙarfi ya ƙare ko aiki ya sallame shi, sai ga rufin ɗaki yana yoyo, bango ya tsage. Ya taɓa ajiyar ne, ko ya bar gidan zuwa baɗi?

A ganinmu, gidan da ajiyar duka guzurin tsufa ne. Tsohon da ke da kuɗi amma ɗakinsa ya rushe zai zubar da kuɗin a haya, wanda kuma ya ƙawata gida ya wayi gari babu na cefane zai ƙare da sayar da shi. Ba a ceto ɗaya ta hanyar kashe ɗayan.

Daminar 2024 ta isa wa'azi. A Nijar ambaliya ta shafi mutane fiye da miliyan ɗaya, kuma a farkon Satumba tsohon masallacin ƙasa na unguwar Birni a Damagaram, wanda ya tsaya tun ƙarni na 19, ya rushe. Kafin nan, a 2020, kogin Kwara ya malale unguwannin Yamai da ke bakinsa. Ginin ƙasa ba ya faɗuwa rana ɗaya: ruwa yana kwanciya a gindin bango ya ci tushe, indararo ya toshe, azara ta jiƙe ta ruɓe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, haka ma ruwa.

Saboda haka muke ba da shawara a kasa gyara gida uku. Na farko, wanda rai ya rataya a kansa: tushen da ruwa ya ci, rufin da ya lotsa, shaddar da ke shirin ruftawa, wayar lantarkin da ta tsufa. Wannan ba ya jira, ko da za a taɓa ajiya, domin kiyaye rai yana gaba da kiyaye dukiya. Na biyu, wanda ke hana ɓarna girma: yaɓe, share indararo, fitar da hanyar ruwa, sauya kwanon da ya huje. Wannan daga kuɗin shiga na wata-wata ko adashi ya kamata ya fito, a yi shi da rani kafin ruwan Yuni ya sauka. Na uku ado ne: tayil, fenti, sabon falo, ƙofar da za ta burge maƙwabta. Wannan ba shi da haƙƙi ko na dala ɗaya a cikin guzurin tsufa.

Idan dole ta sa a taɓa ajiya, a auna kuɗin aikin da watanni. Misali, iyalin da ke rayuwa da jika 60 a wata, idan magini ya yanka masu jika 720, to shekara guda cur ta abincin tsufa ce ake shirin mayarwa siminti. Sai maigida ya tambayi kansa shekara nawa ta rage masa yana samu. Mai shekara 45 yana da lokacin mayar da abin da ya ɗiba; wanda saura masa shekara biyu ya ajiye aiki ba shi da wannan sarari, sai ya tsaya ga kashi na farko kawai, ɗaki bayan ɗaki. A ji bakin magina biyu ko uku kafin a ƙulla ciniki, kuma a ware kuɗin magani da ba za a taɓa ba ko ana ha maza ha mata.

Kada kuma a ɗauka kuɗin da ke kwance ba ya lalacewa. Iyayenmu ba su manta da Janairun 1994 ba, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi, kayan waje suka yi tashin gwauron zabi. Gyaran dole da aka jinkirta yakan ƙara tsada ta fuska biyu: ɓarnar ta faɗaɗa, farashin kaya ya hau. Amma idan gidan yana cikin kwari ko hanyar ruwa, zuba masa dukiya kowace shekara asara ce. Gara a fara tunanin fili a tudu.

Akwai haƙƙoƙin da ba za mu tsallake ba. Bashin ruwa ba mafita ba ne ga Musulmi. Rance marar riba daga dangi, ko sayen kayan gini bashi a kan farashin da aka yanke tun farko, sun fi tsarki. Dukiyar uwargida tata ce: idan ta sayar da zinariyarta ko awakinta aka yi rufi, a rubuta ko kyauta ce ko rance, a kafa shaidu. Haka ma abin da ɗa ko 'ya suka aiko daga nesa, domin rigimar gado sau da yawa daga irin wannan shiru take tsirowa. Gidan zama ba a fitar masa da zakka, amma ajiyar da ta kai nisabi ta shekara ana fitar mata da ɗaya bisa arba'in, sai a sa wannan cikin lissafi.

Ku kuma 'ya'ya masu samu, kada ku jira baba ya buɗe baki. Ku leƙa ɗakinsa kafin damina, ku ɗaga kai ku dubi rufi. Buhun siminti goma daga hannunku na iya tsare masa abincin wata da watanni.

Allah Ya albarkaci gidajenmu, Ya rufa mana asiri a ƙuruciya da tsufa. Wassalamu alaikum.